SAMPEA 20-T: Waken da Ya Fito da Bayoloji daga Aji zuwa Gona

Jama'ar wake, ku matso kusa. Duk wanda ya taɓa ganin fure yana zuba a gonarsa, ya ɓare kwasfa ya tarar da kashin tsutsa a inda ya sa ran ƙwaya, ba sai an yi masa bayanin Maruka ba. Wannan tsutsa kan lashe har kashi 80 cikin ɗari na amfani idan shekara ta zo mata daidai, shi ya sa daga Kiyawa har Rimin Dako ba ka raba manomin wake da famfon feshi a baya, feshi sau shida, wani lokaci har takwas. To ni dai na faɗa kogin son SAMPEA 20-T, kuma ba na neman mai ceto.

Wake ne fari, tsaf-tsaf, mai saurin nuna, mai tsayuwa da ƙafarsa, wanda cikin kwana saba'in da 'yan kai za ka fara roro, da feshi biyu kacal. Biyu fa! Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, a Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, ita ta fitar da shi ƙarƙashin jagorancin Farfesa Mohammad Ishiyaku, da haɗin gwiwar gidauniyar AATF da masana na CSIRO a Ostiraliya. Tun 2009 ake gwada shi a killatacciyar gona, aka amince da shi a 2019, Najeriya ta zama ƙasa ta farko a duniya da ta saki irin wannan wake. Mu da muka fi kowa noman wake, ai da ma mu ya kamata.

Amma abin da ya fi tafiya da hankalina shi ne duk bayolojin da muka haddace don WAEC da JAMB yana cikin kwasfar nan guda. Akwai wata bakteriya a cikin ƙasa, Bacillus thuringiensis, mai yin wani furotin da ke kashe tsutsa. Aka ciro ƙwayar gadon da ke ɗauke da umarnin yin furotin ɗin, mai suna cry1Ab, aka dasa ta cikin DNA na wake. Kuma da me aka kai ta? Da wata bakteriyar, Agrobacterium, wadda tun fil azal sana'arta ke nan, cusa DNA ɗinta cikin tsiro. Daga nan wake ya kwafe haruffan nan huɗu na DNA, A, T, G, C, zuwa RNA, ya karanta su uku-uku, ya jera amino asid, furotin ya fito. Bakteriya ta rubuta, wake ya karanta ba tafinta. Tsarki ya tabbata ga Mahalicci!

Ga inda na fi so. Furotin ɗin yana aiki ne a hanjin tsutsa, inda ruwan ciki yake alkali, can yake samun mazaunin da ya dace da shi a bangon hanji, kamar makulli da kwaɗonsa, sai ya huda bangon, tsutsa ta daina ci, ta mutu. Cikin ɗan Adam kuwa asid ne, kuma babu wannan mazauni, sai ya narke tare da sauran furotin ɗin alale da ƙosai. Na san akwai masu ɗari-ɗari da duk abin da aka ce an taɓa masa ƙwayar gado, kuma tambaya haƙƙinsu ce. Ni dai na auna tsakanin wannan da maganin feshin da yaranmu ke shaƙa ba takunkumi ba safar hannu, na san inda na tsaya.

Sai jinetiks na Mendel, wanda shi ma a kan ɗan uwan wake ya yi aikinsa da ya fito a 1866. Bayan an dasa ƙwayar gadon, an yi ta barbarar sabon tsiron da SAMPEA 10, a zaɓa a sake mayarwa, har ɗan ya ɗauko kamannin uwarsa kaf, haɗe da juriyarta ga ƙuduji, ya ƙara da garkuwar tsutsa. Ku da kuka san yadda ƙuduji ke maƙale wa saiwa yana tsotse shuka tun bai leƙo sama ba, kun san wannan ba ƙaramar garaɓasa ba ce. Kuma da yake wake kansa yake yi wa barbara, irin ba ya rikiɗewa da wuri. Tuge guda ɗaya ka duba saiwa, ƙululun nan suna nan reras, ka fasa ka ga ja-ja a ciki, alamar bakteriyar Rhizobium tana kan aiki, tana kamo nitirojin daga iska tana bar wa geron baɗi taki kyauta. Malaman sakandare, don Allah ku riƙa kai ɗalibai gona.

Ƙorafi? Akwai. Ƙwayarsa ba ta kai ta kanannado girma ba, kuma 'yan kasuwar Dawanau da ido suke saye. Harawarsa ma ba ta cika ɗaki kamar ta mai yaɗo. Tsutsa irin Maruka kaɗai yake kashewa, don haka ƙwarin da ke tsotsar fure da kwasfa suna nan, su ne dalilin feshi biyun, kada wani ya ce ya yafe. A rumbu ma ƙwaro ba ya jin kunyarsa, sai ka nemi buhun PICS. Sannan a bi shawarar masana a bar 'yan kunyoyi na waken da ba shi da garkuwar a gefe, don kada tsutsa mai taurin rai ta rage ita kaɗai ta hayayyafa. Darasin Darwin ke nan, shi ma ya shigo.

Babban abin da ke ci mini rai shi ne iri. An ƙaddamar da shi a nan Kano a 2021, Gana ma ta bi sahu da nata mai suna Songotra-T a 2024, amma har yau sai ka sha yawo kafin ka sami na gaske a ledarsa da hatiminsa. Kamfanonin iri, ku ji mu: a kawo shi Bagwai tun kafin ruwan shuka, a kuma ware wa masu noman rani na dam ɗin Watari nasu kason, don mu a shirye muke.