Gwanin da ke kulle iska

Na'urar Wi-Fi ba ta san katanga ba. Abin da ta watsa yakan tsallaka titi, duk mai waya ko kwamfuta yana iya kama shi. Shi ya sa nake ganin girman ma'aikacin da ya iya saita ta, domin tambayoyi biyu yake warwarewa a zama ɗaya: wa za a bari ya shiga, kuma da wane mabuɗi za a rufe zancensa in ya shiga.

Yakan fara da canza kalmar sirrin mai kula da na'urar, wadda kamfani ya manna a bayanta. Wajen rufe zance kuwa, tsarin WEP ko kallonsa ba ya yi, don tun 2001 Fluhrer da Mantin da Shamir suka tona rauninsa. WPA2 na 2004 yake zaɓa, mai aiki da AES, ko WPA3 na 2018 idan wayoyin wurin za su iya ɗauka.

Abin da ya fi burge ni shi ne kalmar sirrin ba ta taɓa tashi a iska. A WPA2 ana haɗa ta da sunan Wi-Fi ɗin, a juya su sau 4096, a fitar da babban mabuɗi. Sai waya da na'ura su yi musayar saƙo huɗu, kowacce ta gamsar da 'yar'uwarta cewa ta san sirrin ba tare da ta furta shi ba, sannan su ƙera sabon mabuɗi na wannan haɗuwar kaɗai. Gwani ya san wanda ya naɗe saƙonnin nan zai iya komawa ɗakinsa ya yi ta cinkar kalmomi babu mai hana shi. Don haka, ko da yake tsarin ya yarda da haruffa 8 zuwa 63, ba ya tsayawa a takwas, balle ya sa lambar wayar maigida. WPS kuwa, wato hanyar shiga da gajeriyar lamba, kashe shi yake yi, tunda a 2011 Stefan Viehböck ya nuna ana iya gano lambarsa a gwaji kusan 11,000.

A ofis ko jami'a kalma ɗaya ga kowa ba ta yi. Nan yake kafa 802.1X: na'urar ta zama mai gadi kawai, ta miƙa bayanan mai neman shiga ga uwar garken RADIUS, ita ta yanke hukunci. Kowa da sunansa da sirrinsa, in wani ya bar aiki nasa kaɗai za a soke. Haka Wi-Fi na eduroam ke aiki a jami'o'in duniya.

Masu gaggawa a nan suke tsayawa, shi kuwa da sauran aiki. Sai ya tabbatar kowace waya tana duba takardar shaidar uwar garken kafin ta miƙa komai, domin in ba haka ba ɓarawo zai kafa tasa na'urar da suna iri ɗaya a bakin ƙofa, wayoyin ma'aikata su kai masa bayanansu da kansu.