Jinjina ga Masu Yanke Kachala

Tun da aka gina madatsar Tiga a 1974, ta Challawa ta biyo baya a 1992, kogin Haɗeja ya daina janyewa da rani kamar dā. Abin da ciyawar kachala ke so ke nan. Ta toshe magudanai, ruwa ya rasa hanyar Gashuwa, ya malale gonaki, tsuntsayen jan-baki suka samu makwanci.

Masunta da manoman bakin magudanar Marma har zuwa Nguru ne ke fito mata da gayya. Ruwa iya ƙirji, lauje da adda a hannu, ga matsattsaku, ba kuma mai biyansu. Saiwar tana can cikin laka, saboda haka baɗi ma sai an dawo. Sannunku da aiki! Akan kawo injina, amma ƙananan magudanai sai hannu.