4.2 Tarken Waƙar Sunago ta Nana Asma'u a Matsayin Darasin Farko ga 'Yan Mata

A wannan fasali za a yi ƙoƙarin auna waƙar da aka fi sani da Sunago, wadda Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo (1793-1864) ta wallafa, domin a ga ko ta dace da 'yan mata 'yan aji ɗaya zuwa uku na firamare a gari irin Sanyinna, cikin ƙaramar hukumar Tambuwal. An zaɓi wannan waƙa ne saboda marubuciyar ba baƙuwa ba ce ga mutanen wannan yanki, domin ɗan'uwanta Muhammadu Buhari shi ne ya riƙe Tambuwal bayan jihadi.

Asma'u ta fara tsara waƙar ne da Fillanci a wajejen 1829, aka same ta da Hausa a wajejen 1838, daga baya kuma da Larabci. Jigonta ɗaya ne tak, wato jero sunayen surorin Alƙur'ani 114. Ta fuskar zubi da tsari kuwa, waƙar 'yar ƙwar biyu ce mai baiti 30, ke nan kowane baiti yana ɗauke da kimanin sunaye huɗu.

Ba za a gane hikimar wannan tsari ba sai an dubi waɗanda aka yi waƙar dominsu. Kamar yadda Boyd (1989) ta bayyana, Asma'u ta kafa tsarin 'Yan Taru, inda jajoji kan jagoranci 'yan mata da dattijai mata daga ƙauyuka zuwa wurinta, su karɓi karatu, su koma su isar wa matan aure da ke cikin gidaje. Mafi yawan waɗannan ɗalibai ba su da littafi, zamansu wurin malama kuma ba mai tsawo ba ne. Saboda haka darasin da zai amfane su shi ne wanda za su ɗauka a ka, su tafi da shi gida.

Idan aka duba da kyau, za a ga waƙar ta cim ma wannan buƙata ta hanyoyi uku. Na farko, gajarta: yarinya na iya riƙe baiti ɗaya a zama guda. Na biyu, kari da amsa-amo suna tsare hadda, domin idan aka tsallake suna ɗaya baitin zai karye, kunne ya ji. Na uku, an mayar da ita cikin harshen da ɗalibai ke ji. Wannan ya nuna Asma'u ta riga Manufar Ilimi ta Ƙasa ta 1977, wadda ta tanadi a fara koyar da yaro da harshen uwa, da fiye da shekara ɗari.

Sai dai duk da haka waƙar tana da iyakarta. Sunan sura ba shi ne sura ba. Yarinya na iya rera baitocin 30 ba tuntuɓe alhali ba ta san abin da ke cikin Baƙara ba, ba ta kuma iya gane baƙi ɗaya a allo ba. Bugu da ƙari, sunayen duk na Larabci ne, don haka kalmomin Hausa da 'yar shekara shida za ta ƙaru da su kaɗan ne. A nan makarantar allo ta fi ta, domin tana bi da yaro daga babbaƙu zuwa farfaru har ya kai ga tashin karatu da kansa.

Amma a ganin mai wannan bincike, wannan gazawa ba ta marubuciyar ba ce. Asma'u ba ta yi Sunago don ta tsaya ita kaɗai ba. Akwai Godaben Gaskiya da sauran waƙoƙinta masu warware hukunce-hukunce da tarbiyya. Sunago ƙofa ce, laifi yana ga wanda ya tsayar da ɗaliba a bakin ƙofa.

Wannan batu yana da muhimmanci idan aka tuna cewa karatun boko na mata ya makara a Arewa. Sai a 1930 aka buɗe cibiyoyin 'yan mata a Kano da Katsina, a 1939 kuma aka buɗe makarantar horar da mata malamai a Sakkwato, sannan shirin ilimin firamare kyauta ya zo a 1976. Har yanzu talla da aikin gida da aure suna gajarta zaman yarinya a aji, kamar yadda nisa ya gajarta zaman 'yan taru.

A taƙaice, abin da malamar aji ɗaya a Sanyinna za ta ɗauka daga Sunago shi ne dabararta: darasi gajere, mai kari, cikin Hausa. Amma wajibi ne duk abin da aka rera a rubuta shi a allo, yarinya ta ɗora yatsa a kan kowace kalma, har abin da ke bakinta ya zama abin da idonta ke iya karantawa.