Tsokaci Kan Littattafan Hotuna na Kimiyya Don Yara

Tun 1949 R. M. East da Abubakar Imam suka tabbatar, cikin littafinsu Ikon Allah, cewa Hausa na iya ɗaukar bayanin halittu. Sai dai littafin na wanda karatunsa ya kankama ne. Ɗan shekara biyar kuwa da hoto yake farawa, kuma a nan giɓin yake. Littattafan hotunan da akan miƙa wa yaro a Kachalla Sembe galibi na Turanci ne, cike da tuffa da dusar ƙanƙara, alhali ga suri a bayan gida, ga Kogin Lamurde kusa. A ganinmu fassara kaɗai ba za ta wadatar ba, domin ko an sauya kalma, hoton baƙo ne. Muna bukatar mai zanen da zai tsaga suri a takarda, yaro ya ga uwar gara a ɗakinta.