Waƙa a Makaranta: Darasin da Ba Ya Cikin Jadawali

Manhajar ilimin matakin farko da hukumar NERDC ta tsara ta tanadi darasin al'adu da fasaha, kuma kiɗa da waƙa suna cikinsa. Sai dai a makarantun karkara, irin na Fulatan da Zarewa da Ruwan Bago a ƙaramar hukumar Rogo, ko na ƙasar Ƙaraye, ba kasafai ake samun malamin da ya karanci fannin ba, balle kayan koyar da shi. Daga nan wasu ke yanke hukuncin cewa yaran wannan yanki ba su da rabo a ilimin waƙa. Wannan hukunci bai duba Islamiyya ba. Da la'asar, in yaro ya ajiye jakar boko ya tafi can, zai tarar ana rera baitocin tauhidi da na sira, ɗaya na bayarwa, saura na amshi. Abin da ya rage shi ne a ɗauki wannan rerawa a matsayin darasi mai tsari, domin amfaninta ga ɗalibi da gari ya fi ƙarfin a bar ta ga sa'a.

Koyarwa da waƙa tsohuwar hanya ce a ƙasar Hausa. Littattafan da malaman zaure ke biyawa da yawa a waƙe suke: Ibn Ashir a fiƙihu, Alfiyyar Ibn Malik mai baiti kusan dubu a nahawu, Ishiriniyar Alfazazi a yabon Annabi. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya yi wa'azi da waƙoƙin Fulatanci saboda ya isa ga waɗanda ba su jin Larabci. 'Yarsa Nana Asma'u (1793–1864) ta mai da abin makaranta sukutum: ta naɗa jajoji, wato mata masu koyarwa, ta ɗora musu malfa, suka riƙa kai waƙoƙinta na Hausa da Fulatanci ƙauyuka, matan da ke koyo a hannunsu, wato 'yan taru, suna haddacewa. A shekarun 1950, zamanin Yaƙi da Jahilci, marubuta irin su Mu'azu Haɗeja, wanda shi kansa malamin makaranta ne, sun bi wannan sawu wajen kwaɗaitar da jama'a neman ilimi. Ke nan mai neman a ba waƙa gurbi a aji ba baƙon abu ya kawo ba.

Amfanin farko ga ɗalibi shi ne riƙo. Kari da amsa-amo suna tsare kalmomi a mazauninsu. In yaro ya tsallake kalma, baitin zai gurgunce, kunnensa ya faɗa masa kafin malam ya ɗaga bulala. Na biyu ya shafi harshe. Karin rubutacciyar waƙar Hausa ya dogara ne kan gaɓa mai nauyi da marar nauyi, alhali rubutun boko ba ya nuna tsawon wasali. Yaron da ya saba rera baiti daidai yana jin wannan bambanci tun kafin a koya masa sunansa, kuma zai ci moriyarsa ranar da ya zauna jarrabawar Hausa ta WAEC ko NECO, inda ake tambaya kan waƙa. Na uku tarbiyya ce. Mai amshi dole ya saurari na kusa da shi, ya shiga a kan lokaci, kada muryarsa ta danne ta saura. Yarinyar da kunya ke hana ta ɗaga hannu a aji, in aka miƙa mata makirfo ta ja baiti ajin ya amsa mata, ta koyi tsayuwa gaban mutane ba tare da ta zubar da kamun kai ba.

Ribar gari kuwa ranar walimar sauka ake ganinta. An kafa rumfa, an shimfiɗa tabarmi, dagaci da liman suna gaba, mata suna gefensu, masu sauka sun jeru da farin kaya riƙe da alluna masu zayyana. Karatu yana sa a yi tsit, waƙar ɗalibai kuma ita ke sa uba ya miƙe ya zura hannu aljihu, a nan ne ake jin alkawarin kwano ko buhun siminti. Manomin da rabonsa da ƙofar makaranta tun ranar da ya kai ɗansa, ranar yana jin makarantar tasa ce. Bayan taro ma waƙar ba ta tsayawa a filin: tana bin yara cikin gida, uwar da ba ta samu zuwa makaranta ba ta tsinci farillan alwala daga bakin 'yarta tana shara.

Masu ja da wannan suna da hujjoji uku, kuma ba na wasa ba ne. Ta farko ta addini ce. Gaskiya malamai sun yi saɓani kan kayan kiɗa, kuma a gari guda ana iya samun mai buga mandiri da mai ƙyamarsa. Amma rera baiti mai ma'ana da murya zalla ba ya cikin wannan rigima, tunda Hassanu bin Sabit ya yi waƙa a masallacin Annabi. Makaranta tana iya tsayawa inda aka haɗu. Ta biyu tsoron roƙo ce, kada ɗa ya tashi maroƙi. Al'ada da kanta ta raba mai yabon wani don a ba shi da mai tsara waƙa don ya karantar. Ba wanda ya taɓa raina Aliyu Namangi saboda waƙarsa ta Imfiraji. Ta uku ita ce mafi nauyi: haddar aku, yaro ya rera baiti hamsin bai san ma'anar ɗaya ba. Wannan aibi yana nan, kuma tushensa shi ne barin waƙa ba tsari. Maganinsa a warware kowane baiti kafin a rera shi, sannan a sa manyan ɗalibai su tsara nasu a kan abin da suka sani, noma ko tsafta ko tarihin garinsu.

Wannan aiki ba ya jiran kayan kiɗa daga waje ko kasafin miliyoyi. Yana buƙatar lokaci guda a jadawalin mako, da malamin Hausa ko na Larabci da ya san kari, abin da kwalejojin horar da malamai irin ta Sa'adatu Rimi za su iya ƙarfafawa, da gasa tsakanin makarantun gunduma bayan an kawar da amfanin gona. In hukumar ilimi ta ƙaramar hukuma da shugabannin Islamiyyu suka zauna a kan haka, darasin da manhaja ta rubuta zai samu malamai da ɗalibai da suka daɗe suna yin sa.