KYAN ƊA YA GAJI UBANSA: SHARHI A KAN SUPER MARIO BROS. DA MAGADANSA

Gabatarwa

Wataƙila mai karatu ya yi mamakin ganin sharhi a kan wasan bidiyo cikin mujallar adabi. To, sai mu tuna cewa duk abin da ɗan Adam ya ƙaga don ya isar da saƙo ko ya nishaɗantar, muddin yana da jigo da zubi da taurari, ya cancanci a ɗora shi a kan sikelin nazari. Tambayar da wannan ɗan rubutu zai yi ƙoƙarin amsawa tsohuwa ce a fagen adabi: idan aiki ya yi suna har aka yi masa kashi na biyu da na uku, da me za mu auna magajin? Za mu ɗauki Super Mario Bros. na kamfanin Nintendo na ƙasar Japan da wasanni huɗu da suka biyo bayansa.

Na Farko, 1985

Shigeru Miyamoto da Takashi Tezuka ne suka tsara wasan, Koji Kondo ya yi masa kiɗa. Labarin gajere ne kamar na tatsuniya. Wani sarkin kunkuru mai suna Bowser ya sace gimbiya, sai Mario, mai gyaran famfo, ya tashi ƙwato ta. Duniyoyi 8 ne, kowacce da matakai 4, watau matakai 32 ke nan. An sayar da fiye da kwafi miliyan 40.

A nawa ganin, jigon wannan wasa shi ne amana tsakanin mai tsarawa da mai bugawa. Dubi mataki na farko. An tsayar da Mario a gefen hagu, gabansa fili fetal, don haka ko ba a faɗa ba mutum ya san dama zai nufa. Sai ga wata 'yar halitta, Goomba, tana tahowa a hankali. Wanda ya tsaya ta taɓa shi ya mutu, ya kuwa koyi tsalle. Can gaba, idan ya bugi wani akwati da ka, laimar kwaɗi ta fito ta gangara, ta bugi bututu ta dawo kansa a wurin da kauce mata ke da wuya. Tana taɓa shi sai ya ga ya ƙara girma. Cikin minti guda an koya masa abokin gaba, an koya masa aboki, ba tare da kalma ɗaya ba. Daga nan har ƙarshe, duk wanda ya faɗa rami ya san laifinsa ne. Wannan shi ne ma'aunin da za mu riƙe.

Na Biyu Na Japan, 1986

Wannan ya ɗauki kamannin ubansa kusan tsaf, zane da kiɗa da tafiya. An yi shi ne don waɗanda suka riga suka ƙware a na farko, saboda haka ba laifi ba ne don ya yi wuya. Inda gizo ke saƙar shi ne irin wuyar. Tun a matakin farko an sa laimar kwaɗi mai guba wadda ta yi kama da ta kirki. Akwai iska mai ture mutum yana tsakiyar tsalle. Akwai wuraren da ba a wucewa sai an lalubo akwatin da ido ba ya gani. Akwai ma ɓoyayyun bututun da, maimakon su tsallakar da kai gaba kamar yadda aka saba, sai su mai da kai baya. Watau abin da na farko ya koya maka, shi na biyu ya mayar tarko. Gwanaye suna jin daɗinsa, kuma yana da matakai masu kyau, amma ya ci amanar da aka gina sunan gidan a kai. Reshen Nintendo na Amurka ya ƙi fitar da shi a lokacin, sai a 1993 ya isa can da sunan The Lost Levels. Hausawa sun ce kama da wane ba ta wane.

Na Biyu Na Amurka, 1988

A madadinsa sai aka ɗauko wani wasa dabam, Doki Doki Panic na 1987, aka cire taurarinsa huɗu aka sa Mario da Luigi da Toad da gimbiya. A nan taka abokin gaba ba ya kashe shi. Sai dai ka hau kansa ka ɗaga shi ka yi jifa, ko ka tumɓuke kayan lambu ka jefe shi da su. Dole a yaba masa a kan abu biyu. Na ɗaya, kowane tauraro yana da halinsa: Luigi ya fi tsalle, Toad ya fi saurin ɗaga kaya, gimbiya kuwa tana iya shawagi na ɗan lokaci. Wadda dā ake zuwa ceto, ga ta yau a fagen daga. Na biyu, bai yaudari mai bugawa ba. Amma gudun nan da tsalle bisa kan abokan gaba, wanda shi ne bugun zuciyar na farko, ya ɓace. Ƙarshensa ma an nuna duk mafarki Mario yake yi, dabarar da marubuci kan fake da ita idan labari ya ƙi haɗuwa da na baya. Wasa ne mai kyau a kan kansa, sai dai zanen aro ba ya rufe katara.

Na Uku, 1988

Ya fito a Japan a 1988, a Amurka a 1990. A nan ne aka sami magaji na gaskiya. An dawo da gudu da tsalle, aka ɗora sababbin abubuwa a kansu. Alal misali, idan Mario ya ci wani ganye yakan sami wutsiya ya yi fiffike sama, amma ba zai tashi ba sai ya sami fili ya zura da gudu tukuna. Ashe sabuwar baiwar ta dogara ne a kan tsohuwar gwaninta. An kuma kawo taswira, mutum ya zaɓi hanyarsa, kuma kowace duniya da yanayinta: ta hamada, ta ruwa, ta ƙanƙara, da wadda kome nata ƙato ne. Matakan gajeru ne, kowanne ya kawo dabara guda, ya warware ta, ya rufe.

Masu nazarin wasan kwaikwayo za su so zubinsa. Da labule ake buɗe shi, duwatsun ciki an ɗaure su da kusoshi kamar kayan dandamali, kuma a 2015 Miyamoto ya tabbatar cewa wasan kwaikwayo ne ake nunawa. Aibinsa ɗaya a bugun farko: ga tsawo, ga babu hanyar ajiye inda aka tsaya, in an kashe na'ura sai a koma farko.

Super Mario World, 1990

Wannan ya zo a kan sabuwar na'ura, Super Famicom. Ya gyara matsalar ajiya, ya kawo Yoshi, dabbar da Mario ke hawa, ya kuma sa ƙofofin fita har 96, wasunsu a ɓoye, don masu son bincike. Mutane da yawa sun fifita shi a kan duka. Ni dai ina da ja a wuri guda. Mayafin tashi da aka ba Mario ya yi ƙarfi ainun, har gwani yana iya ratsa wasu matakai ta sama bai taɓa ƙasa ba. Wasan da aka gina a kan tsalle, in aka ba mutum hanyar kauce wa tsallen, an rage masa gishiri.

Kammalawa

Daga abin da ya gabata za mu ga hanyoyi uku da magaji kan bi. Wani ya kwaikwayi siffa ya saki jigo, kamar na 1986. Wani ya ari suna kawai ya kama gabansa, kamar na Amurka. Wani kuwa ya gane abin da ya sa aka so na farko, ya riƙe shi, ya faɗaɗa, kamar na uku, wanda shi na ba kambu. Duk da haka na 1985 yana da darajar da ba mai ƙwace masa, domin da 'yan kayan aiki kaɗan ya kafa ƙa'idar da sauran suka bi. Gajimare da ciyayin cikinsa ma zane ɗaya ne aka sauya wa launi don tsimin wuri.

Ina kira ga 'yan'uwa ɗalibai masu sha'awar rubutu, musamman a wannan zamani da littafi ko fim kan fito kashi-kashi, kafin ka ɗauki alƙalami don kashi na biyu, tambayi kanka wane alkawari ka yi wa mai karatu a na ɗaya. In ka gane shi, sauya duk abin da ka ga dama. Wanda ke da wani ra'ayi dabam, musamman masoya Super Mario World, filin mujallar nan a buɗe yake.