Daga Littafi zuwa Majigi: Kyanwar Kiki da Akun Magana Jari Ce

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan maƙala ita ce duba abin da ke samun labarin yara mai ban al'ajabi idan aka ɗauke shi daga takarda aka mai da shi majigi. Za a ɗauki misali ɗaya daga ƙasar Japan, a gwada shi da wani na gida wanda gidan telebijin na Kaduna ya taɓa shiryawa.

2.0 Littafi ɗaya, majigi biyu

A shekarar 1985 Eiko Kadono ta wallafa Majo no Takkyubin, labarin Kiki, yarinya 'yar shekara 13 wadda ta gaji sihiri daga mahaifiyarta. Bisa al'adarsu ta bar gida na shekara guda da baƙar kyanwarta mai magana, Jiji, tana kai saƙonni bisa tsintsiya don ta ci da kanta. Kada mai karatu ya ɗauke ta mayya irin wadda Bahaushe ya sani, mai kama kurwa; tashi sama ne kaɗai sihirinta.

Zubin littafin guntu-guntu ne, kowane babi da nasa saƙon. Da Hayao Miyazaki ya mai da shi majigin zane a 1989, sai ya ƙulla masa rikicin da babu shi a asali: Kiki ta kasa tashi, ta kuma daina jin maganar Jiji. Wannan ƙari bai ci amanar littafin ba, domin jigon girma da dogaro da kai ya fito da shi fili. A 2014 Takashi Shimizu ya sake shirya labarin da mutane na zahiri, aka zana kyanwar da kwamfuta. A nan ne aka samu tasgaro. Cikin zane, yarinya da kyanwa da gajimare duk daga alƙalami ɗaya suka fito, ido ba ya tuhumar kowa. Amma da aka ajiye zanannar kyanwa kusa da yarinya mai jini a jika, sai ɗinkin ya bayyana, al'ajabi ya koma dabara.

3.0 Misalin Kaduna

Telebijin ya fara aiki a Kaduna a 1962, ya shiga hannun NTA a 1977. Cikin shekarun 1980 tashar ta mai da Magana Jari Ce na Abubakar Imam, wanda ya fara fitowa a 1937, wasan kwaikwayo, da Ƙasimu Yero cikin 'yan wasa. Zubin littafin ya dace da shiri na kashi-kashi, tun da aku labari bayan labari yake bai wa Musa ɗan Sarki Abdurrahman don ya hana shi fita. Fada da rawuna da makircin Waziri duk sun karɓi ɗan wasa. Sai dai ginshiƙin littafin tsuntsu ne mai fasahar harshe, kuma matsalarsa ita ce ta Jiji: mai karatu ya yarda da shi ba gardama, mai kallo kuwa sai an rarrashe shi.

A waɗannan shekaru ne kuma yaran Kawo da Unguwar Rimi suka shaƙu da Voltron, wanda Amurkawa suka harhaɗa a 1984 daga zanen Japan. Ke nan sun koyi kallon al'ajabi cikin zane, amma da harshen wasu da jaruman wasu.

4.0 Kammalawa

Abin da nazarin ya nuna shi ne, amana ga littafi ba ta nufin bin babi-babi. Kiyaye yardar yaro ga abin da ba ya yiwuwa ita ce ma'auni. Gizo da Ƙoƙi da Botorami, haka nan aljanun Ruwan Bagaja, zane ne zai fi ɗaukar nauyinsu. Ya rage ga sassan Hausa na jami'o'i da masu koyar da zane su haɗa kai, don kada tatsuniya ta tsaya a ɗakin karatu alhali masu ita suna gaban akwatin kallo.